Daga Abuja Zuwa Rumfar Kasuwa: Yadda Kuɗin Tallafin Tarayya Ke Bi Ta Ƙaramar Hukuma a Legas

Duk lokacin da aka ce gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tallafi, labarin kan riga kuɗin isowa Agege da watanni. A ji shi a rediyo da safe, kafin azahar ya zagaye rumfunan 'yan goro da na mahauta, da la'asar wani ya turo fom a WhatsApp. Bayan wata biyu sai ka ji an yi rabo a sakatariya, an ɗauki hotuna, an watse. Daga nan sai mutanenmu su koma majalisa suna cewa, "Ai mu baƙi ne, wa zai tuna da mu?"

Na daɗe ina riƙe da littafin wata ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, kuma benci ya san ni a sakatariyar ƙaramar hukuma. Wariya takan faru, ba na musu. Amma abin da ya fi cin mu shi ne muna zuwa ranar rabo, alhali an gama magana tun ranar rubuta suna. Ɗan ci-rani da ya shekara ashirin a Ikko yakan faɗa tsakiya: a garinsu an yi rajista ba ya nan, a nan kuma bai taɓa ɗaukar kansa ɗan unguwa ba, balle ya je taronta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda kuɗin ke tafiya, da inda ya kamata a same ka tsaye a kowace gaɓa.

Mataki na farko: gane wane irin kuɗi ne

Mu dai komai tallafi muke kiransa, amma hanyoyin sun bambanta, kuma kowace hanya da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Akwai kason wata-wata, wanda kwamitin rabon arzikin ƙasa, FAAC, ke zama ya raba a Abuja. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Wannan haƙƙi ne na tsarin mulki, ba alfarma ba. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ake rabawa ya ƙaru sosai a lissafin naira, don haka wani ɓangare na "rage raɗaɗin" da ake ta magana yana cikin wannan kason, ba tare da an rubuta masa suna ba.

Akwai kuɗin da ake miƙa wa gwamna ya raba. A watan Agustan 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha da Abuja, tare da tirelolin shinkafa. Abin da mutane da yawa ba su ji ba shi ne kashi 52 ne kawai kyauta, kashi 48 bashi ne da za a biya. Irin wannan kan sauka a Alausa, mazaunin gwamnatin jihar Legas, jiha ta tsara rabon, sannan a kira ciyamomi.

Akwai shirye-shiryen da Abuja ke biya kai tsaye cikin asusun mutum, ƙaramar hukuma kuwa ma'auni ce kawai ta ƙirga. Misali shirin ayyuka na musamman na lokacin korona, mai ɗaukar mutum 774,000, wato mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, a ƙarƙashin hukumar samar da aikin yi ta NDE. Haka asusun ceto ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75 da ya fito daga shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 a 2020, wanda ya bai wa masu sana'ar hannu da direbobi naira 30,000. Haka kuma naira 50,000 da aka ware wa masu ƙananan sana'o'i miliyan ɗaya bayan cire tallafin mai, ta hannun ma'aikatar masana'antu da kasuwanci da Bankin Masana'antu.

Sai hanya ta huɗu, wadda ta fi ruɗa mutane: NG-CARES, shirin farfaɗo da jama'a bayan korona. Rancen Bankin Duniya ne na dala miliyan 750, aka ware wa kowace jiha dala miliyan 20. Sharaɗinsa shi ne jiha ta fara kashe kuɗinta, masu tantancewa masu zaman kansu su zo su ga aikin da idonsu, su kira waɗanda aka ce sun amfana, sannan a mayar mata da abin da ta kashe. Don haka in ka ji an ce jiha kaza ta "karɓi" biliyan kaza na NG-CARES, galibi kuɗin aikin da aka riga aka yi ne, ba sabon rabo ba.

Tambayar farko da za ka yi, kafin ka sa hannu ko dangwala yatsa a kowace takarda: kyauta ne ko bashi? TraderMoni na naira 10,000 da aka zagaya da shi kasuwanni a 2018 rance ne, ko da yake da yawa sun ɗauke shi rabon gwamnati. Rancen korona da Babban Banki ya bayar ta bankin NIRSAL shi ma bashi ne, kuma tun 2020 akwai tsarin da ya ba bankuna damar cire bashinsu daga kowane asusun da ke ɗauke da BVN ɗinka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In bashi ne, ka tambayi ko da kuɗin ruwa da nawa ne, ka kai wa malaminka maganar kafin ka karɓa, ba bayan ka kashe ba.

Mataki na biyu: san ƙaramar hukumar da kake ciki

A Legas wannan tambaya amsa biyu gare ta. Tsarin mulki ya san ƙananan hukumomi 20. A 2003 Tinubu, yana gwamna, ya ƙirƙiro ƙarin 37. Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka je Kotun Ƙoli, a 2004 ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙewa, amma sabbin ba su cika ƙananan hukumomi ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su tsarin mulki. Sai aka sake masu suna zuwa yankunan raya ƙasa, LCDA. Marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ne ya saki kuɗin a 2007. Har yau Abuja 20 take ƙirgawa, jiha kuma 57.

Abin da wannan ke nufi gare ka: in fom ɗin na tarayya ne, sunan uwar ƙaramar hukuma za ka zaɓa. Mazaunin Orile-Agege zai rubuta Agege. Na Obalende zai rubuta Eti-Osa, ko da yake ofishin da ya sani shi ne Ikoyi-Obalende. Ɗan kasuwar Mile 12 yana cikin Kosofe, wadda aka yanki Agboyi-Ketu da Ikosi-Isheri daga jikinta. Idi-Araba na Mushin, Alaba Rago na Ojo. In kuwa rabon ta hannun jiha ya biyo, to sakatariyar da ke kusa da kai, ko ta LCDA ce, ita ke riƙe da jerin sunaye.

Ga wata gaskiya da ni ɗan Arewa zan faɗa ba tare da kara ba. Duk shirin da aka ce mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, Kano mai 44 za ta samu 44,000, Legas 20,000. Alimosho kaɗai ta haura mutum miliyan ɗaya tun ƙidayar 2006, ita ma 1,000 ɗin ne rabonta. Gurbi a nan ƙunci gare shi, ga Bayarabe ma, balle wanda bai zo da wuri ba. Ka riƙe sunan gundumarka da na kansilanka. An yi zaɓen ƙananan hukumomin jihar a watan Yulin 2025, kuma zan iya rantsuwa da yawa daga cikinmu ba su san fuskar kansilan da ke wakiltar layinsu ba.

Mataki na uku: gyara takardunka tun babu labarin komai

Lambar NIN, lambar BVN, asusun banki da sunanka, layin waya da aka yi rajista da sunanka, da katin shaidar zama a Legas na hukumar rajistar mazauna jihar, LASRRA. Katin LASRRA na duk mazaunin jihar ne, ba a tambayar asalin kakanka, kuma shirye-shiryen jiha irin su rancen asusun samar da aikin yi na LSETF suna neman lambarsa. Wanda ya manta NIN ɗinsa ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, BVN kuma *565*0#.

Inda muke faɗuwa shi ne suna. Mutum ɗaya, a NIN Muhammadu Sani, a banki Mohammed Sanni Kano, a layin waya sunan ƙanensa da ya saya masa sim. Ranar haihuwa nan 1 ga Janairu, can wata daban. Kwamfuta ba ta san kai ne ba, sai ta tsallake ka, kuma babu wanda zai kira ya gaya maka dalili. Na ga mutanen da sunansu ya shiga jerin, aka amince da su, kuɗin ya ƙi shiga saboda harafi biyu. Ka ɗauki takardunka ka jera su a kan tabarma, ka sa yaro mai karatu ya duba harafi bayan harafi, abin da ya saɓa ka je ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ko bankinka a gyara. Yana cin kwanaki, shi ya sa ake yinsa tun yanzu.

Kada a manta da matan gida. Tallafin naira 50,000 an ce kashi 70 cikin ɗari na mata da matasa ne. Hajiya mai ƙosai da kunu, mai ɗinki, mai kitso, mai fura, duk masu sana'a ne a idon wannan tsari. Amma in ba ta da asusu da sunanta, ba za a biya ta a asusun maigida ba. Malam, ka kai ta ta buɗe.

Sai katin zaɓe. In kana zaune a nan shekara da shekaru, ka yi tunanin mayar da rajistarka zuwa gundumar da kake kwana, INEC na yin haka lokacin da ta buɗe rajista. Ba sharaɗin tallafi ba ne a takarda. Amma kansila ɗan siyasa ne, kuma layin da ke da ƙuri'a ɗari uku ba ya ɓace masa a lissafi.

Mataki na huɗu: inda ake rubuta suna

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan daɗe.

Idan takarda ta iso daga Alausa cewa ƙaramar hukuma ta kawo sunaye, ciyaman ba ya fita layi-layi. Yakan kafa kwamiti, ya raba guraben ga waɗanda yake da su a rubuce: kansiloli, ƙungiyoyin raya unguwa da ake kira CDA da uwarsu ta ƙaramar hukuma wato CDC, shugabannin kasuwa Iyaloja da Babaloja, Baale-Baale (dagatan Yarabawa) da sarakuna, limamai da fastoci, ƙungiyoyin masu sana'a, na direbobi, na naƙasassu, na mata da matasa. Ko a shirin mutum 774,000, kwamitin mutum 20 aka kafa a kowace jiha daga irin waɗannan rukunoni, kuma rigimar da ta ɓarke tsakanin ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, Festus Keyamo, da 'yan Majalisar Tarayya a 2020 a kan wa zai zaɓi sunaye ce. Manya ma sun san cewa mai riƙe da alƙalami shi ne mai rabo.

Lokacin korona mun je wata sakatariya da jerin sunayenmu a rubuce da hannu, mu biyar, har da dattijonmu. Ma'aikaciyar da ke kula da harkar ta karɓe mu da mutunci, ta ce, "Alhaji, ina kuke tun makonni uku da suka wuce? An aika wa kowace CDA." Muka ce ba mu cikin CDA. Ta ce, "To ta ina zan san ku?" Dattijon ya yi shiru. Da muka fito ya ce da ni, "Ɗana, matar nan ba ta zalunce mu ba." Tun daga ranar muka canza tafiya. Ga abin da muka yi, kuma shi nake ba kowace ƙungiya shawara.

Ku shiga CDA ɗin layinku. Taronsu galibi sau ɗaya ne a wata, kuɗin wata kaɗan ne, ana maganar kwata da fitila da mai gadi da ƙofar layi. Ku zaɓi mutum biyu masu jin Yarabanci ko Turanci su riƙa zuwa ba fashi, su biya, a rubuta sunansu a littafin halarta. Wanda ya biya kuɗin gyaran kwata yana da bakin tambaya ranar da gurbi ya zo.

Ku yi wa ƙungiyar sana'arku rajista a ƙaramar hukuma, ta samu takardar shaida, da shugabanni a rubuce, da lambar wayar da ake ɗauka. 'Yan albasa, 'yan tumatir, mahauta, masu facin taya, 'yan ga-ruwa, 'yan bola jari, masu gadi, masu wankin takalmi. Ƙungiyar da ba ta cikin fayil, ba ta cikin rabo.

Ku ajiye kundin membobi na dindindin: suna kamar yadda yake a NIN, lambar waya, sana'a, adireshin rumfa ko gida, gunduma. A sabunta shi duk bayan sallah, saboda mutanenmu masu tafiya ne. Wa'adin da ake bayarwa wani lokaci kwana biyu ne ko uku. Mai kundi a hannu ya miƙa, marar kundi ya fara kiran waya.

Ku riƙa sanar da fadar Sarkin Hausawa, domin ta nan hukuma kan nemi al'ummarmu, amma kada ku ɗora wa fada kaya duka. Guraben da ake ba ta ba su taɓa isar jama'ar da ke bayanta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fada ƙofa ɗaya ce, CDA ƙofa ce, kasuwa ƙofa ce, kansila ƙofa ce.

Ga talakawa tuburan, zawarawa da marayu da tsofaffi, hanyarsu daban ce: kundin masu ƙaramin ƙarfi na ƙasa. Daga cikinsa ake ɗebo sunayen da ake tura wa kuɗi, kamar naira 25,000 a wata har wata uku da aka yi alƙawari ga gidaje miliyan 15 a 2023. Yadda ake haɗa shi shi ne ma'aikata su zo unguwa, su tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake nufi da talauci a wurinsa da gidajen da suka fi buƙata, a haɗa jerin, sannan masu ƙidaya su bi gida-gida da na'ura. Ba a sayen shiga, ba a cike fom a shagon intanet. In aka yi wannan taro babu namu ko ɗaya, gidajenmu ba za su fito ba. Ku je sakatariya ku tambayi jami'in da ke kula da wannan kundi ko an taɓa zagayowa unguwarku, in ba a yi ba ku rubuta buƙata.

Wata magana kuma tsakaninmu. Idan gurbi goma ya zo hannun shugaba, ya rubuta 'ya'yansa da surukansa, to abin da muke zargin wasu da shi muka aikata. Ku karanta sunayen a bainar jama'a bayan sallar Juma'a ko a taron ƙungiya, ku ajiye lissafin wanda ya samu a wannan karo don a fara da wani a karo na gaba. Amana ce, kuma za a tambaye mu.

Mataki na biyar: abin da ke faruwa a cikin sakatariya

Ba duk kuɗi ne ke zama rabo ba. Mafi yawa aiki ake yi da shi: kwata, titin unguwa, rumfunan kasuwa, asibitin sha-ka-tafi, rijiyar burtsatse, ajujuwan firamare. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara da magudanun ruwa a wuyan ƙaramar hukuma. Ka duba jerin nan da kyau, wuraren cin abincinmu ne kusan dukansu.

A bisa sashe na 162, kason ƙananan hukumomi kan faɗa asusun haɗin gwiwa na jiha, kwamiti ya zauna duk wata, a cire abubuwa kamar albashin malaman firamare da fansho, a raba sauran. A Legas a nan ne kuɗin 20 ke zama na 57. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, don haka ka tambayi ma'aji ko kansila yadda abin yake a wurinku a halin yanzu.

Kuɗi ko sun shigo, doka ba ta yarda a taɓa su ba sai suna cikin kasafi. Ciyaman kan gabatar da kasafin shekara ga majalisar kansiloli, su duba, su amince. In wani kuɗi ya faɗo a tsakiyar shekara, sai a yi ƙwarya-ƙwaryan kasafi. Kafin kasafin, ƙananan hukumomi da yawa kan kira taron masu ruwa da tsaki a ƙarshen shekara don jin buƙatu. Wannan taro ya fi ranar rabon shinkafa daraja nesa ba kusa ba. Ku je da buƙata ɗaya ko biyu a rubuce, da hoto, da sunan layi, da sa hannun shugaban CDA. "A taimaka wa Hausawa" ba ta shiga kasafi. "A gyara kwatar da ke bayan mayanka daga nan zuwa can" tana shiga, kuma maƙwabcinka Bayarabe ko Ibo zai sa hannu tare da kai.

Daga kasafi sai kwangila. Jihar na da dokar sayen kaya da ba da kwangila tun 2011, da hukumar da ke sa ido. A ƙa'ida ana tallata aiki, 'yan kwangila su miƙa farashi, kwamiti ya zaɓa, a ba da kuɗin fara aiki, injiniya ya duba ya ba da takardar shaida kafin a biya saura, a kuma riƙe wani kaso har sai an ga aikin ya jure. Biya kuwa sai an rubuta bauca, odita na cikin gida ya duba, ma'aji da manajan majalisa, wato shugaban ma'aikata, su sa hannu. Abin da ya rage gare ka mai sauƙi ne: ka ɗauki hoton allon aikin da sunan ɗan kwangila, ka ɗauki hoton aikin duk mako, in an zuba siminti kamar gishirin miya ku kai ƙorafi kafin injiniya ya sa hannu. Bayan an biya, magana ta yi nauyi.

Mataki na shida: ranar rabo, da 'yan damfara

In kaya ne, ka je da katinka da wuri, ka duba abin da aka rubuta a gaban sunanka kafin ka sa hannu. Kada ka sa hannu a buhu a miƙo maka mudu. Shugabannin ƙungiya su tambayi adadin da ya shigo sito da adadin da ya fita. Mazauna Legas ba su manta da Oktoban 2020 ba, lokacin da jama'a suka fasa wani sito a Mazamaza suka tarar da kayan abincin korona jibge, gwamnatin jiha ta ce gudummawar gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID ce da ake shirin rabawa. Ko mene ne gaskiyar jinkirin, kaya a kulle da jama'a cikin yunwa ba sa haifar da alheri.

In kuɗi ne, alat za ka gani. Babu jami'in gaskiya da zai nemi lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ya turo maka a waya, ko "kuɗin fom". Adireshin shafin gwamnati kan ƙare da gov.ng, kuma duk saƙon da ya ce ka tura wa mutum goma kafin a biya ka tarko ne. Wanda ya ce ka ba shi rabi don shi ya sa sunanka, cin hanci yake nema.

Ka ajiye saƙon alat ɗin, ka bar layinka a buɗe. A shirye-shirye irin NG-CARES masu tantancewa kan kira ko su zo rumfa. Ka faɗi abin da ka karɓa daidai, ba ƙari ba ragi. Wasu namu kan ji tsoro su ce ba su san zancen ba, suna zaton haraji ne, sai a soke sunan a lissafi.

Mataki na bakwai: bin sawu

Ƙarshen shekara Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi na jiha kan duba littattafan kowace ƙaramar hukuma, ya kai rahoto Majalisar Dokoki a Alausa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma na wallafa abin da FAAC ta raba, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Yaro mai waya zai iya nemo abin da aka rubuta wa Agege ko Mushin a wata kaza. Ƙungiyar BudgIT, wadda a nan Legas aka kafa ta, tana da shirin Tracka na bin ayyukan gwamnati, ana tura masu hoto da bayani.

In kuna son amsa a rubuce, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa dama, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ta shafi jihohi. Ku rubuta wasiƙa gajera da Turanci zuwa ga ciyaman, a kan takardar ƙungiya. Ku ambaci dokar, ku yi tambaya mai iyaka: guraben da aka bai wa gunduma kaza a shiri kaza, ƙungiyoyin da aka raba wa, ranar da aka rufe karɓar suna. Ku yi kwafi biyu, ku kai ofishin karɓar wasiƙu, a buga hatimi da kwanan wata a naku. Doka ta ba su kwana bakwai, da damar ƙarin bakwai in bayanin na da yawa. In sun ƙi ko sun yi shiru, kuna da kwana 30 ku je kotu.

Kafin a kai nan, ku fara da kansila, sannan ciyaman, sannan ma'aikatar ƙananan hukumomi a Alausa, kowane mataki da kwafin wasiƙar da ta gabata. Ku je mutum uku ko huɗu, da dattijo a gaba, ku gaisa yadda ake gaisawa a nan, ku yi magana ɗaya. In an ce maku kai tsaye ba za a sa ku ba don ku 'yan Arewa ne, ku rubuta rana da wuri da shaidu, domin sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a ware ɗan ƙasa saboda ƙabila ko asali ko addini, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa na da ofishi a Legas. In kuwa karkatar da kuɗi kuka gani, da hujja a hannu, to ICPC ko EFCC za ku nufa, da hotunan allon aiki, da kwafin wasiƙunku masu hatimi, da kundin membobin da ke nuna wanda aka rubuta da wanda bai ga ko kwabo ba.